Wace ciyawa ce za ta riƙe ƙasar matatar ruwa ba tare da ta shanye ruwan jama'a ba?

Wani ma'aikacin hukumar samar da ruwa ta wata jiha a arewa maso yammacin Najeriya ya aiko da tambaya. Ya ce an ɗora masa kula da harabar wata matatar ruwa, kuma gangaren da ke bayan tankuna yana zaizayewa duk damina, har wani kwazazzabo ya fara dosar katanga. Ciyawar ado da ɗan kwangila ya dasa a gaban ofis kuwa ta mutu tun a ranin farko, duk da ban ruwan da aka yi ta yi mata. Yana son sanin ciyawar da za ta riƙe ƙasa, ta kuma ƙawata wurin, ba tare da ta cinye ruwan da aka tace domin mutanen gari ba.

Malam, ma'aunin da nake auna kowace ciyawa da shi a irin wannan aiki guda ɗaya ne: idan ruwan farko ya sauka a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, bayan wata bakwai ko takwas ba a ga ɗigo ba, shin saiwarta tana nan da rai a cikin ƙasa, ba tare da an shayar da ita ruwan famfo ba? Na fara da wannan ne domin yawancin mutane suna duba ciyawa a watan Agusta, lokacin da ko'ina ya yi kore shar, alhali ɓarnar da ta fi muni tana faruwa ne a ruwan farko da na biyu, sa'ad da ƙasa take tsirara, rana ta gasa ta, iskar hunturu da ta bazara sun share ta, sannan hadari ya zo da iska ya zubo mata ruwa mai ƙarfi a cikin ɗan lokaci. Kyasuwa da ƙarangiya da guɗe-guɗe da harƙiya duk suna rufe ƙasa da kyau a tsakiyar damina, amma ciyayi ne na shekara guda. Da kaka ta yi sai su zubar da iri su bushe, awaki su cinye abin da ya rage ko wuta ta lashe shi, kuma a ranar da gangarenka ya fi bukatar su ba su nan. Saboda haka ka cire su daga cikin waɗanda za ka dogara da su, ko da yake ba laifi ba ne a bar su su tsiro a tsakanin layuka a shekarar farko.

Kafin mu zo kan suna, akwai lissafin da nake so ka riƙe a hannu duk ranar da za ka zauna da shugabanninka, domin shi ne zai kare ka idan aka ce a sake dasa ciyawar kafet, wato ciyawar adon da ta mutu a gaban ofis. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. A zafin Maris da Afrilu, filin ciyawa mai son ruwa a yankin Kano ko Katsina ko Sakkwato yana bukatar aƙalla milimita 5 a kowace rana kafin ya zauna da koren launinsa, kuma sau da yawa ya fi haka. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato lita 50,000 ke nan a rana guda. Idan aka ƙiyasta wa mutum lita 50 a rana domin sha da girki da wanka da wanki, wannan ruwan mutum 1,000 ne, kuma ruwa ne da aka kashe wa kuɗin alam da kulorin da man janareta. Ina ganin babu ma'aikacin ruwa mai kishin aikinsa da zai ji daɗin ganin tiyo yana malala a kan ciyawa, alhali a bayan katangarsa yara suna layi da jarkoki. Ciyawar kafet mai faɗin ganye da masu sayar da furanni ke shimfiɗawa a bakin titi ta wuraren damshi da inuwa ce, saiwarta ba ta nisa, don haka mutuwar da ta yi a gaban ofishinku ba sakacin mai ban ruwa ba ne, wurin ne ba nata ba.

Harabar matatar ruwa kuma ba wuri ɗaya ba ne. Akwai gangaren da aka yanka ko aka cike, akwai bakin magudana, akwai bangon ƙasa da ke riƙe da ruwa, akwai saman tankin ƙarƙashin ƙasa, akwai kewayen taransifoma da ɗakin janareta, sannan akwai gaban ofis. Kowanne da abin da ya dace da shi, kuma wanda ya fi damun ka, wato gangaren bayan tankuna, amsarsa jema ce.

Jema ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ita ce doguwar ciyawar nan ta fadama da ake saƙa da jinka da ita, wadda saiwarta mai ƙamshi take shiga turaren mata. Sunanta na kimiyya Chrysopogon nigritanus, kuma tana da 'yar'uwa daga kudancin Indiya mai suna Chrysopogon zizanioides, wadda Bankin Duniya ya yi ta yaɗawa tun shekarun 1980 domin tare zaizayar ƙasa, da farko a gonakin Indiya, daga baya a gefen hanyoyi da gadoji a ƙasashe da dama. Abin da ya bambanta jema da sauran ciyayi shi ne yadda saiwarta take tafiya. Ba ta yaɗuwa gefe, tana nutsewa ne kai tsaye zuwa ƙasa kamar labule, kuma a ƙasa mai laushi da damshi takan kai mita 3 ko fiye. Gwaje-gwajen da aka yi wa irin ta Indiya sun nuna cewa ƙarfin saiwar wajen jure ja ya kai kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙarfin ƙarfen gini. A sama kuma ganyenta a tsaye yake ƙyam, ba ya kwanciya idan ruwa ya buge shi. Tushenta yana ɗan nutse a ƙasa, shi ya sa ko wuta ta cinye ganyen takan sake tohowa, kuma dabbobi ba su cika damuwa da ita ba idan ta girma ta yi tauri.

Sai dai jemar da aka dasa nan da can, kamar yadda ake dasa furanni, ba ta tare komai. Aikinta yana cikin layi ne, layi matsattse wanda ya bi gicciyen gangare a tsayi ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan layin ya haɗe, ruwan da ya gangaro da gudu sai ya ci karo da shi ya rage sauri, ya bazu a tsawon layin, ya sauke ƙasar da ya ɗauko, sannan ya tsiyaye ta tsakanin ganye a hankali. Na taɓa durƙusawa a bayan wani layi mai shekara biyu bayan an ɗauke ruwan marka, na tura hannu cikin ƙasar da ta taru a jikinsa, laushinta kamar garin da aka tankaɗe, da guntayen kara da kashin awaki a gauraye, kuma ta yi tudu har ta fi ƙasar da ke gaban layin tsayi da fiye da taƙi guda. Wannan ƙasar ita ce da a da take tafiya kwalbati ta toshe shi. Jemar kuma ba ta nutse a ciki ba, sai ta fitar da sabuwar saiwa daga gaɓar da ƙasar ta rufe ta ci gaba da hawa.

Wajen fitar da layin, tiyon awo mai garai-garai da magina ke amfani da shi ya ishe ka. A cika shi da ruwa, mutum biyu su riƙe bakunansa, a riƙa kafa turaku a inda ruwan ya daidaita. Kada a yarda a ja layi da ido, domin layin da ya karkata yana tattara ruwa ne ya kai shi wuri ɗaya, kuma a wurin nan sabon rami zai buɗe. A kan gangare mai tsayi irin na bayan tanki, a bar tazarar kusan mita ɗaya ta tsaye tsakanin layi da layi, wato kowane layi ya fi na ƙasansa tudu da mita ɗaya. Inda gangaren ya kwanta ana iya kaiwa mita biyu. Ana tsaga tushen jema gida-gida, kowane dashe da 'ya'ya biyu ko uku, a datse ganyen ya rage kamar santimita 20, a datse saiwar ta rage kamar santimita 10, a haƙa ɗan rami mai tsawo a zuba ruɓaɓɓen taki, a jera dashen da tazarar santimita 10 zuwa 15, a mayar da ƙasa a take ta da diddige sosai. Wannan tazarar ita ce wurin da 'yan kwangila suka fi yin ha'inci, domin idan aka buɗa ta zuwa taku guda dashen zai ragu ƙwarai, amma layin ba zai taɓa haɗewa ba, ruwa kuma zai bi ta giɓin da ƙarfin da ya fi na da. Ka tsaya a kansu da sandar awo. Idan gangarenka yana da tsawon mita 100 da tsayin mita 6, kana bukatar layi shida ko bakwai, kowane layi dashe 1,000 a tazarar santimita 10, wato dashe 6,000 zuwa 7,000.

Wannan adadi shi ya sa nake ba da shawarar a fara da gandun reno a cikin harabar, kusa da inda ruwan wankin matatai yake fita, wato ruwan da ake wanke ma'aikatan tace ruwa da shi idan sun cika da datti. Dashe ɗaya da ya samu ruwa da taki yakan ba da 'ya'ya ashirin ko fiye a cikin wata biyar ko shida, don haka abin da ka reno a rani shi za ka dasa da damina. Idan daga fadama za a samo irin, a nemi izinin mai wurin da mai unguwa, kuma a tsagi rabin tushe a bar rabi, kada a gyara matata a ɓata fadama. Tsakanin iri biyun, ta Indiya ba ta yin iri mai tsirowa, don haka tana zama inda aka ajiye ta, tamu kuwa tana yin iri, amma ta saba da ƙasarmu da raninmu, kuma binciken da aka yi a Jami'ar Ibadan ya nuna tana tare ƙasa da ruwa yadda ya kamata. Ni na fi karkata ga tamu saboda sauƙin samu, da sharaɗin a riƙa yanke ta kafin ta fitar da kai. Yana da kyau ka tuntuɓi ofishin jiharku na ACReSAL, shirin gwamnati na farfaɗo da ƙasa da noma a yankunan da ke da ƙarancin ruwan sama, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 domin jihohin arewa 19 da Abuja, tun da gyaran ƙasar da ta lalace na cikin aikinsa.

Jema tana da rauni guda biyu da ya kamata ka sani. Ba ta son inuwa ko kaɗan, musamman tana ƙarama, don haka layin da ya ratsa ƙarƙashin darbejiya zai yi giɓi a daidai wurin. Na biyu kuma ƙamshin saiwarta yana jawo masu tono, kuma layin da aka tone ya fi wanda ba a dasa ba illa. Ka sanar da masu gadi tun farko.

Game da kwazazzabon da ke dosar katanga, dole in faɗa maka gaskiya cewa ciyawa kaɗai ba za ta tsayar da shi ba. A matatun ruwa da na zagaya, kusan kowane rami irin wannan idan ka bi shi zuwa sama za ka tarar da bututu a kansa: ko na ambaliyar tanki, ko na wanke tanki, ko bakin lambatun da ya tattara ruwan rufin gine-gine da na kwalta, an sake shi a kan ƙasa tsirara. Ka hau can da kanka ranar da ake ruwa ka gani da idonka. Inda ruwa yake faɗowa a dunƙule yana bukatar shimfiɗar duwatsu ko kankare da za ta karya ƙarfinsa, kan ramin yana bukatar a sassabe shi ya kwanta, cikinsa kuma a gitta ƙananan shingayen dutse. Bayan an yi wannan ne jema take shigowa, a dasa ta a bayan kowane shinge da gefen kankaren, inda ruwa ya saba rarake ƙasa ya bar siminti a rataye. Haka nan gangaren da ya miƙe tsaye kamar bango sai an kwantar da shi tukuna, aƙalla mita ɗaya da rabi a kwance ga kowace mita ɗaya a tsaye, kuma idan tanki ko harsashin gini yana kusa, injiniya ne zai yanke wannan hukunci.

Tsakanin layukan jema, da gaban ofis, da duk inda ake son shimfiɗa gajera, ciyawar da nake ba da shawara ita ce kiri-kiri, wadda wasu ke kira tsarkiyar zomo. Manomi yana ƙin ta domin ba ta fita daga gona, kuma wannan naci nata shi ne abin da muke nema. Tana rarrafe a sama tana kafa saiwa a kowace gaɓa, tana kuma tafiya ta ƙarƙashin ƙasa, tana jure takawa da kiwo da zafi. Da rani takan bushe ta koma launin ruwan ƙasa, wanda bai san ta ba ya ɗauka ta mutu, amma kwana kaɗan bayan ruwan farko sai ta farfaɗo. A nan ne za ka bukaci shawo kan shugabanni su yarda cewa filin da ya yi launin ruwan ƙasa a watan Maris ba alamar sakaci ba ne. Idan lallai ana son kore a idon baƙi, a keɓe ɗan fili kaɗan a bakin ƙofa a riƙa shayar da shi, sauran a bar shi ya bi lokacinsa. Ana dasa ta da guntayen jijiya a tazarar santimita 20 zuwa 30, kuma da damina mai kyau takan rufe ƙasa cikin wata biyu zuwa uku. A yi mata iyaka da bulo ko kankare a gefen lambatu da hanyoyin tafiya, domin idan aka sake mata za ta shiga kowace tsaga.

A kan bangon ƙasa da ke riƙe da ruwa, kamar na tafkin ajiya ko na kwantar da laka, kiri-kiri nake zaɓa, a riƙa aske ta gajera. Dalili shi ne mai duba bango yana bukatar ya ga ƙasa da idonsa: tsagewa, ko wurin da ya jiƙe alhali ba a yi ruwa ba, ko ramin gafiya da na kurege, ko shurin gara. Doguwar ciyawa tana ɓoye duk waɗannan har sai sun girma. Akwai injiniyoyin da ke dasa jema a irin wannan bango, amma ni ba na yin haka sai da amincewar wanda ya tsara shi, itace kuwa ko wane iri ne ba shi da wuri a kai. Saman tankin ƙarƙashin ƙasa, inda ruwan da aka gama tacewa yake, shi ma gajeriyar ciyawa kawai yake so, ba taki, ba maganin kashe ciyawa, ba dabba, domin duk abin da aka zuba a wurin yana iya bin tsaga ko bakin murfi ya shiga ruwan sha. Haka ma kewayen rijiyar burtsatse da wurin da ake jan ruwa daga kogi.

Gamba za ta zo maka a rai, tun da kowa ya san ƙarfinta, kuma tana da wurinta. Tana shekara da shekaru, tana jure fako da ƙasa marar ƙarfi, ana samun irinta a wurin manoma da kuma cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, kuma a ƙarshen shekara ga zana. A can bayan fili, nesa da gine-gine, inda ƙasa ta yi tauri ruwa ba ya shiga, ana iya haƙa ramukan rabin wata irin waɗanda manoman Nijar suka ƙware a kai a yankin Tawa, a shuka gamba a cikinsu. Amma tana kaiwa mita 3 ko fiye, kuma idan ta bushe makamashi ce. A arewacin Ostireliya, inda aka kai ta domin kiwo, wutarta ta yi tsanani har tana kashe manyan itatuwa, kuma a 2012 aka sa ta cikin jerin ciyayin da ƙasar take yaƙa. Don haka kada ta kusanci taransifoma, ko tankin man dizal, ko ɗakin ajiyar kulorin, ko ƙarƙashin wayoyin wuta. Waɗannan wurare tsakuwa ce ta dace da su, a shimfiɗa ta da kauri a riƙa cire duk abin da ya tsiro da hannu. Tofa kuwa kada a bar ta ta kafu ko'ina, haka ma kacalla a bakin tafki, domin wanda ya ga yadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja zuwa Nguru ba zai so ta a matatarsa ba.

Lokacin dashe shi ne idan damina ta zauna, ƙasa ta jiƙe har ciki. A yankin Kano da Katsina wannan yakan kama daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, a Kaduna da ke samun ruwa fiye da milimita 1,000 a shekara ana iya farawa da wuri, a Sakkwato da Maraɗi kuma sai a jira Yuli amma kada a yi jinkiri, domin dashen da ya wuce tsakiyar Agusta ba ya samun isasshen lokacin nutsar da saiwa kafin ruwa ya ɗauke. Na ga aikin da aka dasa a watan Fabrairu domin ana jiran zuwan manyan baƙi, kuma kafin Afrilu ya ƙare babu abin da ya rage sai turakun awo. Idan aka samu tsaikon ruwa a mako biyun farko, a shayar da dashen kullum, bayan mako uku ko huɗu kuma a bi layi a cike duk giɓin da ya mutu.

Ranin farko ne kaɗai ciyawar za ta bukaci taimako, kuma ruwan da za ka ba ta yana nan a matatarka. Ruwan wankin matatai yakan kai kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na abin da matata take tacewa, kuma a wurare da yawa zubar da shi ake yi, wani lokaci ma shi ne yake haƙa ramin da ake kuka da shi. A tara shi a tafki ya kwanta, a ɗebi na sama a shayar, lakar alam ɗin kuma kada a jibge ta a gindin dashe, domin tana riƙe sinadarin fosfaras, wanda tsiro ke bukata domin girma, ta hana saiwa samunsa. A shayar sosai sau ɗaya a mako ko kwana goma, da sassafe ko da yamma, maimakon yayyafi kullum, saboda ruwan da ya nutse shi ke jan saiwa ta bi shi ƙasa. Da kaka, kafin ganye ya bushe, a yanke jema da lauje a bar kamar santimita 30 zuwa 40, wanda hakan yana rage haɗarin gobara da maɓoyar macizai, yana kuma sa tushen ya ƙara 'ya'ya layin ya matse. Ganyen da aka yanka a shimfiɗa shi a tsakanin layuka ya rufe ƙasa. A wannan shekarar ta farko ka tabbata an toshe duk inda awaki ke shigowa ta katanga, domin a watan Afrilu sabon tohon jema da kiri-kiri shi ne kaɗai kore a unguwar, kuma tun yana ƙarami suna iya tumɓuke shi da saiwarsa.